Yadda Ake Sauya Launin Tambari Ba Tare da Bayansa Ya Toshe Ba

Aikin da aka fi kawo mini ke nan: ga tambari baƙi a fayil ɗin PNG, bayansa fanko, ana so ya koma shuɗi ko fari don a ɗora shi a kan wani hoto. Mai shi ya gwada, ko dai launin ya malale ya cika shafin kaf, ko kuma gefen haruffan ya fito da zare-zaren tsohon launi.

Kowane ɗigo a irin wannan hoton lambobi huɗu yake ɗauke da su. Uku na launi ne: ja, kore, shuɗi. Ta huɗun ita ake kira alfa, ita ke faɗin kaurin ɗigon, daga 0 zuwa 255. Sifili babu komai ke nan, 255 kuma launi ne cikakke. Ukun farko za ka taɓa, ka bar alfa yadda ka same ta.

Kafin komai, tabbatar bayan fanko ne da gaske. Hotuna da yawa a intanet an zana musu murabba'an nan fari da toka ne kawai, ido ya ɗauka babu bango, alhali akwai. Ni nakan buɗe hoton a manhajar gyaran hoto in saka sabuwar leya, wato wani shimfiɗi daban, a ƙarƙashi in cika ta da ja mai ƙarfi. In jan ya leƙo ta ko'ina, to madalla. Kada dai ka manta da goge ta a ƙarshe.

Yanzu ƙara girman hoton sosai ka dubi lanƙwasar harafi ɗaya. Za ka ga ɗigo-ɗigo dishi-dishi a bakin layin, wani kauri, wani kamar hayaƙi. Su ne ke sa gefen ya yi sumul. Bokitin fenti da Magic Wand, kayan cika launi da na zaɓen wuri a manhajar, ba su iya hulɗa da su ba: ko su tsallake su, tsohon launi ya rage, ko su cike su, gefen ya yi kaushi. Shi ya sa ba na kusantar su a wannan aiki.

Kulle alfa kawai za ka yi. A Photoshop, zaɓi leyar, ka duba saman jerin leyoyi inda aka rubuta Lock, ka danna alamar farko mai murabba'ai. Zaɓi launinka, in kana da lambarsa irin #1A73E8 ka rubuta ta, sannan ka danna Alt da Backspace. Shi ke nan. Ɗigon da kaurinsa rabi ne zai karɓi sabon launi ya zauna a rabinsa, wurin da babu komai kuma ya tsaya haka. A manhajar GIMP sunan makullin Lock alpha channel, sai ka shiga Edit ka zaɓi Fill with FG Color. Idan launin ya ƙi fitowa daidai, duba Image, Mode, wataƙila hoton yana kan Indexed, mayar da shi RGB. Krita da Procreate da ibisPaint duk suna da makullin, galibi da sunan Alpha Lock.

In aikin na wani ne, na fi son Color Overlay da ke cikin Layer Style na Photoshop, domin ba ya taɓa asalin zanen. Gobe in mai tambarin ya ce kore yake so, dannawa biyu ce.

Wannan duk na tambari mai launi ɗaya ne. Mai launuka da yawa cikawa za ta shafe shi ya zama dunƙule guda. Nan sai Hue/Saturation na Photoshop, wato Ctrl da U. Canza Master zuwa launin da kake hari, misali Reds, ka ja sandar Hue, sauran launukan ba za su motsa ba, alfa ma haka. Amma fa baƙi wuluk da fari fat ba sa jin Hue, ko ka kai sandar ƙarshe. Sai ka kunna Colorize ka ɗaga ko ka sauke Lightness tukuna, kuma ba lallai ka samu ainihin launin da kake nema ba.

Wajen adanawa ne aikin mutane da yawa ke lalacewa. Kada ka danna Flatten Image, zai shimfiɗa fari a baya. JPEG ba shi da alfa sam. GIF ɗigo ko akwai ko babu ya sani, don haka gefen zai yi cako-cako. Fitar da shi a PNG, ka ga an kunna Transparency. A GIMP ta Export As ake bi. In kuwa asalin fayil ɗin SVG ne, wato zane na layuka da siffofi ba na ɗigo-ɗigo ba, ka huta da duk wannan: buɗe shi a manhajar Inkscape, danna siffar, canza Fill.

Za ka tura ta WhatsApp? Tura shi a matsayin Document. In ka tura a matsayin hoto, za a matse shi ya koma JPEG, ya isa wurin mai shi da toshasshen baya.