Tari da zazzaɓi: ki duba ƙirjin yaro

Uwargida, hunturu ya shigo Garwa da ƙurarsa, kowane gida ana tari. Ni dai rigar yaro nake ɗagawa in kalli ƙirji. Yana kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50 ya yi yawa. Daga nan zuwa shekara 5, 40. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa duk jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko ya hau jijjiga, kada ki jira gari ya waye, ki hau mashin sai asibiti. Zazzaɓi kuwa, a gwada jini tukuna a ga ko na cizon sauro ne, kafin ki nufi mai maganin tebur. Jariri ƙasa da wata 2, da jiki ya yi zafi, asibiti kawai.