Sabon zuwa Kumasi, gyara katin asibiti da layin waya tun kana da lafiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce wani yaro da bai fi wata huɗu da sauka unguwar Aboabo a nan Kumasi ba ya buga min ƙofa da asuba, matarsa ba lafiya, ba kati, layin da ke wayarsa ma ba sunansa ba ne. Wallahi raina ya ɓaci, don irin ramin da na faɗa a 2020 ne sak, kuma duk wanda ya sauka sai na gaya masa amma sai ya ce "in sha Allahu zan yi" shikenan sai ranar da ciwo ya zo.

Maganar masauki da abinci ba zan ɓata muku lokaci ba. Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, ba ta barin baƙo ya kwana a titi, ko Aboabo ko Asawase ko Sawaba, ka je masallaci ka yi sallama za a kai ka wurin mutanen garinku. Trotro, wato motar haya ta cikin gari, kwana uku ka gane shi. Ka koyi gaisuwar Twi, yaren mutanen garin, ko kaɗan ce, tana buɗe ƙofa.

Abin da ya ci ni takarda ce. Ghana suna da inshorar lafiya ta gwamnati, NHIS, tun 2003, kuma wanda yake zaune a ƙasar bisa ƙa'ida yana iya shiga ko ba ɗan ƙasa ba ne. Tana ɗaukar cututtukan da suka fi damun mu, zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga, mai ciki kuma ba ta biyan kuɗin shiga. Amma abin da sababbi ba sa ganewa shi ne in ka yi rajista yau ba yau katin zai fara aiki ba, sai an jira kamar wata guda, to ka ga wanda ya bari sai ya kwanta ai ya makara. Ni da na kawo Baffana daga Katsina, tsoho mai hawan jini da suga, ƙyuyar bin layi ta sa na ba wani mutum kuɗi ya ce zai kawo min kati har gida. Ya kawo kuwa, na saka a aljihu hankalina kwance, ban taɓa gwada shi ba saboda maganin Baffa daga gida ake aiko mana duk wata da direbobi.

Sai korona ta shigo ranar 12 ga Maris 2020. Kwana goma bayan nan aka rufe boda, ranar 30 ga wata aka kulle Kumasi da Accra, sati uku ba fita sai da dalili. Direba ba ya zuwa, magani ya ƙare, shagona a rufe. Na ɗauki Baffa muka je wani asibiti, aka saka lambar katin a kwamfuta sai ga sunan wani daban. Ina tsaye gaban mutane gumi yana keto min, tsoho yana zaune a benci kansa na juyawa, mai katin kuma wayarsa a kashe har yau. Da kuɗin jari na biya komai ranar. Kuma kar wani ya ce in ya tsananta sai a koma gida, mu ma haka muka ɗauka, bodar ƙasa ba a buɗe ta ba sai 28 ga Maris 2022, shekara biyu cur.

Don haka ka je ofishin NHIS na gundumarku da ƙafarka. In kai baƙo ne akwai katin shaida na waɗanda ba 'yan ƙasa ba da hukumar katin shaida ta ƙasa, NIA, ke bayarwa, dala 120 ne lokacin da na yi nawa, ana sabunta shi duk shekara. Na san da tsada, na san kwana 90 da ake ba 'yan ƙasashen ECOWAS su zauna ba takardar zama suna ƙarewa mutum bai ankara ba, amma dan Allah kar ka bari wani ya ce zai yi maka Ghana Card na ɗan ƙasa ta bayan fage, laifi ne, kuma in an kama kai za a riƙe ba shi ba. Bayan ka samu kati sabuntawa ba wuya, *929# za ka danna ka biya da MoMo, wato kuɗin cikin waya, kana zaune a shago. Ka rubuta ranar ƙarewarsa a bango in ya kama.

Nan maganar layi ta shigo. Tun 2021 aka fara haɗa layukan waya da katin shaida, waɗanda ba a haɗa ba aka rufe su. Yaran nan sai su sayi layi da sunan wani a bakin kasuwar Kejetia su zuba kuɗin MoMo a ciki, ranar da aka toshe ba su da bakin magana. Alhali lafiyarka yanzu rabinta a wayar nan take.

Ni a kullen nan na san haka. Wata nas 'yar Zango, haihuwar nan, ita ta haɗa ni da wani likita da yake duba marasa lafiya ta waya saboda tsofaffi irin Baffa an ce su rage zuwa asibiti. Ya sa na sayi na'urar awon jini da ta suga, safe da yamma mu auna in tura masa lambobin ta WhatsApp da hoton kwalin magani, shi kuma ya kira ya ce a ƙara ko a rage, nas ɗin tana fassara inda Turancina ya tsaya. Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan, tun kafin korona ma'aikatan lafiya na ƙauyukan Amansie West suna kiran likita ta waya ya ba su shawara, kuma a lokacin annobar jirage marasa matuƙa na Zipline ne suke ɗauko samfurin gwaji daga ƙauyuka zuwa cibiyoyin gwaji na KCCR a nan Kumasi da Noguchi a Accra. Amma a kula, ba duk mai farar riga a hoton WhatsApp ne likita ba. Ka tambayi asibitin da yake aiki, ka tambaya ko yana da lasisin hukumar likitoci, Medical and Dental Council, wanda ya fara da cewa turo kuɗi kafin ya tambayi me ke damunka ka kashe wayarka. Kuma waya tana da iyaka. Numfashi ya sarƙe, baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, mai ciki ta ga jini, ba zancen tura saƙo, 112 za ka kira ko ku nemi mota sai babban asibitin Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa.

Saura abin da har yanzu yake min ciwo. Gwamnati ta yi wa ma'aikatan asibiti ƙoƙari, shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ɗauke musu haraji, na sahun gaba aka ƙara musu rabin albashi a matsayin alawus, kuma sun cancanta, mun ga yadda suka sha wuya. Amma mai jinya ta cikin gida ba wanda ya lissafa ta. Matata ce take juya Baffa, ta yi masa abinci ba gishiri daban, ta tashi cikin dare, ga yara uku ba makaranta, ga azumi ya shigo, ni kuma hankalina yana kan kuɗi ban lura ba sai da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ko ruwan famfo da gwamnati ta ce kyauta ne mai gidan hayarmu bai fasa karɓar kuɗinsa ba. Matan islamiyyar unguwarmu ne suka raba kwanaki tsakaninsu, wannan ta kawo koko da safe wannan ta ɗauki yara, Allah ya saka musu da alheri, irin wannan ne yake sa ina alfahari da Zango. Sai dai sun yi ne don sun san ta, tana zuwa suna, tana zuwa ta'aziyya, tana zubi a adashensu. Kai da ka kawo matarka ka rufe ta a ɗaki ba ta san kowa ba, ranar da jinya ta faɗo mata wa zai karɓe ta?

Baffa ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa, a nan Tafo muka binne shi. Yaron da ya buga min ƙofa kuma matarsa ta samu sauƙi, ranar Litinin zan raka su ofishin inshora, duk wanda bai yi ba ya same mu a masallaci bayan sallar asuba mu tafi tare, ya zo da fasfo ɗinsa da katin shaida.