Yadda Ake Auna Binciken Korona a Afirka ta Yamma

Fara da PubMed, rumbun takardun binciken lafiya a intanet, kyauta ne. Rubuta COVID-19 tare da sunan ƙasa, ka tsayar da shekarun daga 2020 zuwa 2022. Daga nan leƙa African Journals Online, shafin da ke tattara mujallun bincike na Afirka, domin mujallunmu da dama ba sa cikin manyan rumbunan, musamman masu fitowa da Faransanci. Zuba komai a Excel, ka cire maimaici.

Inda ni na fi tsayawa shi ne wurin aikin marubucin farko da na ƙarshe a jerin marubutan kowace takarda, domin yawanci su ke nuna inda aka jagoranci binciken. Binciken da aka yi kan majinyatan Kano amma aka jagoranta daga Landan, ware shi daban. Ba ƙarfinmu yake nunawa ba. Sannan raba adadin binciken kowace ƙasa da yawan jama'arta, in ba haka ba Najeriya za ta danne Gambiya a banza.