Kurakuran da ake yi idan an ɗauka lokacin gobarar daji ya wuce

Da zarar an fara jin sanyi da asuba, ko aka samu yayyafi sau ɗaya, sai hankalin mutane ya kwanta, a ce ai lokacin gobarar daji ya wuce. Daga wannan zaton sauran kurakuran suke fitowa. A ƙarshen lokacin ne ciyawa da itatuwa suka riga suka shafe watanni suna bushewa, kuma a wurare da dama a daidai nan busasshiyar iska mai ƙarfi take tasowa. Gobarar da ta cinye garin Paradise a jihar Kaliforniya ta Amurka, ta kashe mutum 85, a ranar 8 ga Nuwamban 2018 ta tashi. A Fotugal ma, a tsakiyar Oktoban 2017 wuta ta hallaka fiye da mutum 40, bayan hukumomi sun fara janye ma'aikata da kayan aiki don a lissafinsu haɗarin ya ragu.

Yayyafi yana ruɗin mutane ƙwarai. Ciyawa da ganye nan da nan suke jiƙewa, amma rana ta fito iska ta kaɗa, cikin sa'o'i kaɗan sun koma yadda suke. Manyan kututture kuwa sai sun yi makonni suna shan ruwa kafin laima ta ratsa su. Don haka kafin ka ƙona shara ko gona, bar duba kalanda. Duba ƙarfin iska da bushewarta, ka kuma tabbatar hukuma ba ta hana kunna wuta a ranar ba.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na wutar da aka ce "ta mutu". Mutum ya ga hayaƙi ya ɗauke, ya tura ƙasa a kai, ya kama gabansa. Alhali ƙasar nan bargo ya lulluɓa wa garwashin: tana riƙe zafi, wutar kuma tana iya bin saiwa da ruɓaɓɓen itace tana ci a ƙarƙashi kwana da kwanaki. A Oktoban 1991, a tsaunukan birnin Oakland na jihar Kaliforniya, wata ƙaramar wutar ciyawa da 'yan kwana-kwana suka ɗauka sun gama da ita ta sake tashi washegari da iska ta zo. Mutum 25 suka rasu, gidaje dubbai suka ƙone. In ƙwararru za su iya faɗawa wannan tarkon, ina ga mai ƙona shara a bayan gida? Haka gobarar Marshall a jihar Kolorado, wadda ta lashe gidaje sama da 1,000 a ranar 30 ga Disamban 2021: bincike ya nuna ɗaya daga cikin mafarinta biyu wata wuta ce da aka kunna kwanaki kafin nan, aka binne ta da ƙasa.

Gyaran ba wuya, haƙuri kawai yake so. Kwarara ruwa har sai ƙarar cuuu ta daina, ka juya tokar da shebur, ka ƙara ruwa, sannan ka kusantar da bayan hannunka. Muddin ka ji ɗumi, da sauran aiki. Duk ranar da iska ta tashi a makon, koma ka leƙa wurin.

Ba ashana kaɗai ke tayar da gobara ba. Salansar mota da aka ajiye a kan busasshiyar ciyawa ta isa, haka sarƙar tirela da ke jan ƙasa tana fitar da tartsatsi, ko injin yankan ciyawa da ya daki dutse. Irin wannan aiki, da walda, a yi shi da sassafe, da ruwa a kusa.

Masu gida kuma sukan zuba ido kan harshen wuta, su manta da tartsatsin da iska ke ɗauka ta jefa nesa, wani lokaci fiye da kilomita guda. Shi ne ke kunna mafi yawan gidajen da ke ƙonewa. Wanda ya share gidansa a farkon lokaci ya zauna, ai ganye bai daina zuba ba. A sake kwashe wanda ya taru a indararo da kan rufi, a janye itacen wuta da tukunyar gas daga jikin bango, a bar mita ɗaya da rabi na kewayen gida babu abin da zai kama, a toshe kafofin shan iska da ragar ƙarfe mai ƙananan ido.

In an ce a fita, a fita tun hanya ba ta cunkushe ba. A Paradise wasu a cikin motocinsu wutar ta cim musu. Kada kuma a gudu sama idan wutar na ƙasan tudu, domin idan tana hawa tudu, gudunta yana ninkuwa da kowane ƙarin digiri 10 na karkatar tudun.