Yadda zaka ci ajin lissafin tushe a kwalejin shekara biyu ta Amurka

Ɗan uwa in ka shiga kwalejin nan ta shekara biyu a Amurka kuma gwajin shiga ya jefa ka ajin lissafin tushe, kar ka ji kunya wallahi, ni ma can na fara, ina tuƙin haya da dare ina zuwa aji da safe, shekara da shekaru rabona da lissafin makaranta.

Fara da firakshan, wato lissafin ɓangarori irin su 1/2, nan ne mutane suka fi zubewa, in ba ka gane shi ba aljebra zata wahalar da kai sosai. 1/2 + 1/3 ba 2/5 bane. Ka duba mana, kana da rabin burodi aka ƙara maka wani yanki, ta yaya zai koma 2/5 wanda ko rabi bai kai ba? Sai ka mai da lambobin ƙasan su zama iri ɗaya, wato 6, ka samu 3/6 + 2/6, amsa 5/6. Duk amsar da ka samu ka auna ta da hankali irin haka kafin ka wuce.

Lambobi masu alamar ɗebewa kuma ka ɗauke su bashi kawai. Ana bin ka dala 20, ka samu 50, saura 30 a hannunka, shi ne -20 + 50.

Mu 'yan Najeriya da Ghana BODMAS muka sani, wato ƙa'idar abin da ake fara yi a lissafi, su Amurkawa PEMDAS suke cewa, duk abu ɗaya ne. Amma ka kula, ninkawa da rabawa matsayinsu ɗaya, daga hagu ake bi zuwa dama, 8 ÷ 2 × 4 amsarsa 16 ce ba 1 ba. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci su kuma waƙafi ne zai ruɗa su, abin da suke rubutawa 3,5 a nan 3.5 ne, in kuwa ka ga 1,500 to dubu ɗaya da ɗari biyar ake nufi.

Kullum ka zauna da biro da takarda ko minti 30 ne, ka ajiye kalkuleta tukuna, don wani malamin ba zai bari ka shiga jarabawa da ita ba. Bidiyon shafin koyarwa na Khan Academy a intanet kyauta ne, amma kallo kaɗai baya isa, tsayar da shi ka gwada da hannunka. Inda ka maƙale ka kai takardar yadda take, da kurakuran duka, ɗakin taimakon ɗalibai ko wajen malamin a lokacin da ya ware na ganin ɗalibai, ka nuna masa daidai layin da ka ɓace.