Zafi ba ya rage tsayin bango: kurakuran ɗalibai a kan saurin riyakshan

Duk shekara idan WAEC da NECO suka matso, amsa ɗaya ce ke yawo a takardun 'yan ajin ƙarshe a nan Kano: wai zafi yana rage kuzarin farawa, wato Ea, shi ya sa riyakshan, wato rikiɗewar sinadarai zuwa wani sabon abu, yake sauri. Abin yana ci mini rai, domin galibi yaron da ya rubuta haka ya yi karatu, fahimtar ce ta karkace masa.

Ku ɗauki Ea kamar badala. Sinadaran da aka haɗa suna wannan gefe, abin da za su zama yana wancan, kuma ba ƙwayar da za ta tsallaka sai kuzarinta ya kai tsayin bangon. Zafi ba ya zaftare ko taku ɗaya daga bangon nan. Aikinsa shi ne ƙara yawan ƙwayoyin da suka isa su haura.

Ƙwayoyin ba kuzarinsu ɗaya ba. Mafi yawansu matsakaita ne, 'yan kaɗan ne masu tsananin gudu, kuma su ne ke yin aikin. A ɗaga zafi daga digiri 27 zuwa 37, wato daga Kelbin 300 zuwa 310: matsakaicin kuzari zai ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100 kacal. Amma idan Ea ya kai kilojul 50 a kowane mol, waɗanda suka isa tsallakawa sai sun kusa ninkawa. Daga nan aka samo maganar cewa duk ƙarin digiri 10 yana ninka sauri. Kada ku riƙe ta a matsayin doka. Tana aiki ne ga Ea mai kusan wannan girman, a zafi irin na ɗaki. Idan kuma aka ce ku zana lanƙwasar Maxwell da Boltzmann, wato zanen yadda kuzari ya rarrabu a tsakanin ƙwayoyi, a zafi biyu, ƙololuwar mai zafin ta matsa dama, ta kuma yi ƙasa, layin Ea ya tsaya inda yake. Wanda ya ɗaga ƙololuwar sama ya ƙara ƙwayoyin da babu su a cikin kwalbar.

Masu cewa "yawan karo ne ya ƙaru" sun faɗi gaskiya, sai dai ƙarin kaɗan ne. Kuma ba kowane karo ke haifar da abu ba: sai da isasshen kuzari, sai kuma ƙwayoyin sun haɗu ta gefen da ya dace.

Katalis, wato sinadarin da ke hanzarta riyakshan, shi ne mai taɓa Ea, shi ma ba kuzari yake ba ƙwayoyin ba. Wata hanya yake buɗewa inda bangon ya fi gajarta. Ba ya ƙarewa a cikin aikin, ba ya canza ΔH, wato zafin da riyakshan ke fitarwa ko yake shanyewa, ba ya kuma ƙara yawan abin da za a samu idan riyakshan ya daidaita. Ku gwada da idonku: a zuba ruwan H₂O₂ da ake wanke ciwo da shi a kofin gilashi, a jefa 'yar ɗanyar hanta daga wurin mahauci. Nan take kumfa zai taso fari fat, iskar oksijin ke nan tana fita, saboda katalas, wani katalis da ke cikin hantar. A sake da dafaffiyar hanta, ruwan zai zauna shiru, domin wuta ta lalata katalas ɗin.

Akwai masu zaton riyakshan mai fitar da zafi ba ya buƙatar Ea. To ga buhun gawayi nan a gefen mai tsire, yana wata da watanni cikin iska bai kama ba, sai an kyasta masa ashana. Da ya kama, zafin da yake fitarwa ne ke tayar da na kusa da shi. A zanen kuzari, ana auna Ea daga matakin sinadaran farko zuwa ƙololuwa; ΔH kuwa tazara ce tsakanin matakin farko da na ƙarshe.

Saura lissafi, inda maki ke zubewa a banza. A ƙa'idar lissafin saurin riyakshan da Svante Arrhenius ya fitar a 1889, T, wato zafi, da Kelbin ake sa shi, don haka a ƙara 273 a kan digirin Salshiyos tun kafin a taɓa kalkuleta. R kuma, tsayayyar lambar da ke cikin ƙa'idar, 8.314 ne da jul, saboda haka Ea da aka bayar da kilojul sai an ninka shi sau 1000 kafin a raba.