Yadda ake kwashe lissafin kuɗinka na GnuCash zuwa sabuwar kwamfuta

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, mutane da dama suka shiga canjin kwamfuta, wasu sabuwa fil, wasu ta hannu. Hotuna da takardu kowa ya san yadda zai kwashe abinsa. Inda hankali ke tashi shi ne littafin kuɗi. Mutum ya shekara biyar yana rubuta albashi da cefane da kuɗin makarantar yara da zubin adashe, da wanda yake bi da wanda ke bin sa, sai ya ɗora manhajar a sabuwar kwamfuta, ya buɗe, ya tarar da ita wayam. Dalili kuwa shi ne manhaja daban take, fayil ɗin da take rubutu a cikinsa daban. Manhajar ko yau ka sake sauke ta daga intanet. Fayil ɗin nan kuwa, in ya salwanta, babu wanda zai rubuta maka wani.

Da GnuCash, manhajar rubuta lissafin kuɗi, zan yi bayani domin da ita nake aiki. Kyauta ce, tun 1998 take, ta san naira ta san sefa, kuma fayil ɗinta guda yana buɗuwa a Windows da Mac da Linux ba tare da an juya shi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin daga tsohuwar kwamfuta yake farawa, tun tana hannunka tana kuma tashi lafiya. Buɗe GnuCash, ka shigar da duk abin da ya rage ba ka shigar ba, ka adana. Daga nan ka ɗauki biro da takarda ka rubuta ragowar kuɗin da ke cikin manyan asusunka: na banki, kuɗin hannu, jimlar bashin da kake bi, jimlar wanda ake bin ka, da kwanan watan abu na ƙarshe da ka shigar. Har kwabo za ka rubuta. Wannan takardar ita ce shaidarka idan ka isa can. Kafin ka rufe, shiga Help ka danna About, ka rubuta lambar sigar da kake amfani da ita. Sai ka rufe manhajar gaba ɗaya. Kada ka kwafi fayil tana buɗe.

Yanzu sai neman fayil ɗin, kuma nan ne nake so ka natsu. GnuCash ba ta da wurin da take tilasta maka ajiya, inda ka zaɓa ranar farko nan yake, mafi yawanmu kuma mun manta. Sunansa yana rubuce a can saman tagar manhajar. Buɗe File Explorer, ka shiga View ka kunna File name extensions domin ka riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil, sannan ka rubuta *.gnucash a wurin bincike.

Abin da zai fito zai iya ruɗa ka. A ce sunan littafinka gida. Za ka ga gida.gnucash guda ɗaya, sannan ga wasu rututu masu dogon suna, irin su gida.gnucash.20250312201544.gnucash. Waɗannan masu lambobin kwafin ko-ta-kwana ne da manhajar ke ajiyewa duk lokacin da ka adana, lambar kuma shekara ce da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa. In ba ka canja tsarin ba, na kwana 30 take riƙewa. Akwai kuma masu ƙarewa da .log. Littafinka na ainihi shi ne mai gajeren suna, wanda babu lamba a jikinsa.

Ni kaina na taɓa faɗawa ramin nan. Lokacin da na canja kwamfuta, cikin gaggawa na danna ɗaya daga cikin masu lambobin, ya buɗe, na ga asusuna duk suna nan, na ci gaba da rubutu. Sai da muka zauna da ƙanina kan kuɗin siminti da na ba shi aro, na duba na ga babu biyan da ya ce ya yi. Na tsaya a kan bai biya ba, shi kuma ya ciro rasit a wayarsa ya ajiye a gabana bai ce komai ba. Ashe kwafin da na buɗe ya girmi ranar biyan da kwana tara. Har yau ina jin nauyin wannan zaman, shi ya sa nake nanata maganar takarda da biro.

Shawarata, ka kwashe foldar gaba ɗaya, da na ainihin da masu lambobin, domin ba su da nauyi. Abin da ba ka buƙata shi ne mai ƙarewa da .LCK. Wannan alama ce da manhajar ke sawa cewa littafin a buɗe yake, kuma yakan maƙale idan an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu ba a rufe ba. In ya bi ka zuwa sabuwar, za ta ce maka ta kasa samun makullin fayil. Muddin ka tabbata babu inda littafin yake buɗe, Open Anyway za ka danna.

Abubuwa biyu ba sa cikin littafin, kuma su aka fi mantawa. Na farko, rahotannin da ka tsara da kanka ka adana. Danna madannin Windows tare da R, ka rubuta %APPDATA%\GnuCash, ka kwafi foldar da ta buɗe. A cikinta akwai fayil mai suna saved-reports-2.8, da wata folda books mai tuna shafukan da ka bari a buɗe da faɗin layukansu. Na biyu, hotunan rasit. Idan kana liƙa rasit a jikin ciniki, ka sani GnuCash adireshin inda hoton yake kawai take riƙewa, hoton kansa yana waje. Sai ka kwashe foldar rasit ɗin ita ma. Kasafi da biyan da ke maimaita kansa duk wata, irin kuɗin haya, suna cikin littafin, za su biyo ka da kansu.

Wajen ɗauka, filas ya wadatar, amma naka, ba wanda ya zaga shagunan buga takardu ya kwaso ƙwayar cuta ba. Ka kuma tuna fayil ɗin GnuCash ba shi da kalmar sirri. Duk wanda ya tsinci filas ɗin zai karanta sirrin gidanka tsaf. In za ka bi ta imel ko Google Drive, ka ƙunshe foldar da 7-Zip ka sa mata kalmar sirri tukuna. Idan kwafin ya gama, danna Eject kafin ka zare.

A sabuwar kwamfuta, sauke GnuCash daga shafinta, gnucash.org. Nan lambar sigar da ka rubuta za ta yi amfani. Ka ɗora daidai da ita ko wadda ta fi ta sabunta, kada ka koma baya. Wanda ya daɗe bai sabunta ba, kada ya yi tsalle ɗaya. Masu manhajar sun ba da shawarar a bi mataki-mataki ta sigar ƙarshe ta kowane zubi: mai 2.6 ya fara kaiwa 2.6.21, sai 3.11, sai 4.14, kafin ya shiga zubi na 5 da ya fito a 2023. A kowane mataki ya buɗe littafin, ya shiga Actions, ya zaɓi Check & Repair All, ya adana. Aiki ne mai cin lokaci, amma ya fi ka ga lambobi sun hargitse ba ka san daga ina ba. Kwafin da ke filas kada ka taɓa shi har a gama.

Kwafi foldar daga filas zuwa cikin kwamfutar, ka zare filas ɗin, sannan ka buɗe manhajar. Dalilin zarewar shi ne GnuCash tana komawa kan fayil ɗin da aka buɗe na ƙarshe. In daga filas ka fara buɗewa, can za ta ci gaba da rubutu ba ka sani ba. Ka kuma lura, a Windows 11 sau da yawa foldar Documents tana haɗe da OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet. Ni na fi son folda ta musamman a kan C, kwafin ajiya kawai nake turawa intanet. Da ka buɗe GnuCash, za ta yi maka maraba ta tambaya ko za ka buɗe sababbin asusu. Ka soke, ka shiga File, ka danna Open, ka zaɓi mai gajeren sunan nan. Bayan haka ka rufe, ka zuba abin da ka kwaso daga %APPDATA%\GnuCash a mazauninsa na sabuwar. Wurin rasit kuma ana nuna mata shi a Edit, Preferences, General.

Mai amfani da Quicken, wata manhajar lissafin kuɗi, hanyar kusan ɗaya ce. Littafinsa yana ƙarewa da .QDF, galibi a foldar Quicken cikin Documents. Ctrl da B za su fitar masa da kwafin ajiya, ya ɗora manhajar a can, ya shiga da Quicken ID ɗinsa, ya dawo da kwafin.

Sai ka ɗauko takardarka. Bi asusu ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da abin da ke kan allo, har da kwanan watan shigarwa ta ƙarshe. In ko naira ɗaya ta saɓa, tsaya, kada ka shigar da komai, ka koma ka duba sunan fayil ɗin da ka buɗe. In komai ya yi daidai, shigar da ƙaramin abu guda, ka adana, ka rufe, ka sake buɗewa ka ga yana nan.

Tsohuwar kwamfutar kada ka yi saurin rabuwa da ita. Bar ta wata guda, har ka gwada lissafinka da takardar banki ta ƙarshen wata a sabuwar. A tsawon wannan lokaci kada ka shigar da komai a tsohuwar, in ba haka ba za ka wayi gari da littafi biyu masu saɓa wa juna, kuma GnuCash ba za ta haɗe maka su da kanta ba. Ranar da za ka sayar ko ka ba ɗan'uwa, jefa fayil a Recycle Bin bai isa ba, ana iya tono shi. Shiga Settings ka nemi Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, ka shiga Change settings ka kunna Clean data. Yana iya ɗaukar awanni, don haka ka jona ta da caja a lokacin da kake da tabbacin wuta.